Idan yaro ya fara zama mutum: tambayoyi da amsoshi ga iyaye da malamai a Zariya

Waɗannan tambayoyi ne da ake yawan ji a bakin iyaye da malamai a Zariya da kewaye, a taron iyayen yara, a zaure bayan la'asar, ko a layin ganin likita. Wasu amsarsu gajeruwa ce, wasu sai an ja zance. Inda magana ta zama ta asibiti an faɗa ƙarara.

Daga shekara nawa ake cewa yaro ya shiga balaga?

Babu rana guda. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa shekara 10 zuwa 19 a matsayin shekarun tasowa, tsakanin yarinta da girma. A jiki kuwa, yarinya kan fara nuna alama tsakanin shekara 8 da 13, yawanci da ƙirgar dangi, sannan al'ada ta biyo baya da kamar shekara biyu. Namiji yakan fara tsakanin 9 da 14. Shi ya sa za ka shiga aji biyu na ƙaramar sakandare ka tarar 'yan mata sun fi mazan tsayi, ka ga yaro ɗaya murya ta buɗe har gashin baki ya fara tofo, abokinsa na kusa da shi kuwa har yanzu kamar ɗan firamare. Dukansu lafiyarsu lau.

A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan birni, ana gane balaga da mafarki, ko haila, ko ciki, ko tsirowar gashin gaba, idan kuma babu ko ɗaya, sai cikar shekara 18 a zance mafi shahara. Wannan yana nuna lokacin da ibada ta hau kan mutum. Ba ya nufin jiki da hankali sun gama nuna a ranar.

A kai yaro asibiti idan alamun sun bayyana kafin shekara 8 ga mace ko 9 ga namiji, ko kuma babu alama ko ɗaya ga yarinya 'yar 13 ko yaro ɗan 14, ko yarinya ta kai 15 ba ta ga al'ada ba. Masu ciwon sikila sukan yi jinkirin balaga, haka ma yaron da bai samu isasshen abinci ba tun yana ƙarami.

'Yata ta kusa fara al'ada, ni kuwa ina jin nauyin yi mata maganar, ga ta 'yar fari. Yaya zan yi?

Kunyar ɗan fari ba sabon abu ba ce a wurinmu. Amma a da, wannan kunya tana da abin da ke rufa mata asiri. A babban gida irin na Kwarbai ko Anguwar Juma, uwa tana iya kawar da kai saboda akwai kaka a sashe na gaba, akwai goggo, akwai matar baffa, kuma yarinya ta san ɗakin da za ta faɗa idan ta ga abin da ya tsorata ta. Yau iyali da yawa suna zaune a ɗaki biyu na haya a Samaru ko Hanwa ko Dogarawa, kaka tana ƙauye, goggo tana Abuja. Kunyar ta biyo mu gidan haya, masu ɗauke mana nauyinta ba su biyo mu ba. Sai yarinya ta koma koyo a wurin ƙawarta wadda ita ma ba ta sani ba, ko a waya.

Saboda haka abu biyu ne: ko ki yi maganar da kanki, ko ki zaɓi wadda za ta yi, ki kira ta musamman ki ba ta aikin. Kada ki bar shi a kan cewa "ai za a koya musu a Islamiyya". Islamiyya za ta koya mata hukuncin haila da yadda ake wankan tsarki, kuma wannan wajibi ne ta sani. Ba lallai ne malami namiji, a gaban aji, ya gaya mata abin da za ta yi idan jini ya ɓata mata hijabi a makaranta ba.

Maganar ba sai ta yi tsawo ba, kuma gara a yi ta kafin jinin ya zo, tana 'yar shekara tara ko goma. Kuna tsintar shinkafa, ku biyu, sai ki ce: "Uwata, zo ki ji. Wata rana za ki ga jini a jikinki. Ba ciwo ba ne, ba ki yi laifin komai ba, kowace mace tana yi, ni ma ina yi. Ga auduga nan a cikin wannan jakar, bari in nuna miki yadda ake sawa. Ranar da kika gani, ni za ki fara gaya wa." Idan ta sunkuyar da kai ta ce "To, Umma," ya wadatar a ranar. Sauran tambayoyin za su zo daga baya, ɗaya bayan ɗaya.

Abin da za ki guje wa shi ne tsohon zancen nan na "daga yau duk namijin da ya taɓa hannunki kin yi ciki". An yi shi da kyakkyawar niyya, amma ranar da ta gano ba gaskiya ba ne, sauran gargaɗinki ma sun rasa daraja. Gaya mata gaskiyar yadda ciki ke samuwa, daidai da hankalinta.

A shekarun farko al'ada kan yi wasa, ta zo wannan wata ta tsallake wancan, kuma ciwon mara na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Idan ƙyalle take amfani da shi, a wanke da sabulu a shanya a rana ya bushe sosai, kada a cusa shi ƙarƙashin katifa da danshi don kunya. A ga likita idan jinin ya wuce kwana bakwai, ko yana zuba har tana jiri, ko ciwon yana hana ta zuwa makaranta duk wata. 'Yan mata a wannan lokaci suna saurin samun ƙarancin jini, don haka a kula da wake, zogale, alayyahu, hanta da ƙwai gwargwadon hali.

Namiji fa, shi ma sai an zaunar da shi?

Shi ne ma aka fi mantawa da shi. Yarinya ko ba komai jini zai sa a kula ta. Yaro kuwa zai yi mafarkinsa na farko, ya tashi cikin dare ya wanke wando a ɓoye, ya yi wata da watanni yana zaton wata cuta ce ta kama shi, wani ma yana sallah ba wanka saboda ba wanda ya gaya masa. Wasu yaran ƙirjinsu kan ɗan kumbura har ya yi zafi, su daina cire riga a gaban mutane. Wannan yakan baje da kansa cikin watanni zuwa shekara biyu.

Maza ba su cika iya magana ido cikin ido ba. Uba ya goya ɗansa a babur, daga Ƙofar Doka zuwa Sabon Gari, yaro yana baya ba wanda ke kallon wani, sai ya jefa maganar: "Kai, ka fara mafarki irin na manya? In ka fara, ka san wanka ya hau kanka. Ka iya shi ko in nuna maka?" Ko da amsar ba ta wuce "Na iya, Baba" ba, yaro ya gane cewa wannan ƙofa a buɗe take. Idan uba ba zai iya ba, kawu ko baffa ko babban yaya mai hankali ya yi.

Addini ma ya riga ya shata hanya: hadisi ya ce a raba wa yara wurin kwanciya idan sun kai shekara goma, Suratun Nur kuma ta koyar da neman izini kafin shiga ɗaki. Manya su ma su yi sallama kafin su faɗa ɗakin saurayi ko budurwa.

Yarona mai ladabi ne, yanzu ya koma musu da ɓata rai da kulle kansa a ɗaki. Lalacewa ce?

Mafi yawan lokuta a'a. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa tare da jiki. Sashen gaban kai, wanda ke auna abin da zai biyo baya da kuma danne zuciya, shi ne ke ƙarasa nuna a ƙarshe, sai wajen shekara ashirin da biyar. Sassan da ke kula da jin daɗi, fushi da son yabon tsara kuwa sun riga sun farka tun farkon balaga. Shi ya sa yaron da ya haddace izu talatin zai iya hawa babur ya yi ganganci a titin Kwangila saboda abokai suna kallo. Ya san haɗari ne. Sanin ne bai yi ƙarfin da zai rinjayi tafin abokai ba tukuna.

Musu kuma, duk da ɗacinsa, alama ce ta cewa ya fara tunani da kansa. Abin da ya kamata a raba shi ne saɓanin ra'ayi da rashin kunya. Yana iya cewa "Baba, ni a ganina ba haka ba ne," a saurare shi. Ba zai ɗaga murya ga mahaifiyarsa ko ya yi mata tsaki ba. Dokokin gida su zama kaɗan amma tsayayyu: sallah, lokacin dawowa gida, sanin inda yake da wanda yake tare da shi, mutunta na gaba. Idan aka mayar da askin kai da kalar takalmi da yadda yake tafiya duk abin faɗa, ranar da babbar magana ta zo kunnensa ya riga ya toshe.

Mu da bulala aka tarbiyyantar da mu, kuma ga mu mun zama mutane. Me ya sa yanzu ake hana duka?

Masu wannan magana sukan manta da 'yan ajinsu da bulalar ta kora daga makaranta har abada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma ɗan shekara goma sha biyar duka ba ya koya masa barin laifi, yana koya masa ɓoye shi. Kuma wannan shi ne lokacin da ka fi bukatar ya riƙa gaya maka abin da ke faruwa. Yarinyar da ta san za a zane ta idan ta ce wani ya tare ta a hanya, shiru za ta yi. Malaman da suka yi bayanin hadisin horo a kan sallah ma sun gindaya sharuɗɗa: ba a fuska ba, ba mai raunatawa ba, ba cikin fushi ba. Dukan da ake yi da wayar wuta ko bel, uba yana huci, bai cika ko ɗaya ba.

Abin da ya fi duka ciwo a wannan shekaru shi ne tozartawa: zagi a gaban abokai, ko kwatanta shi da ɗan maƙwabci, ko mummunan baki irin na "ba za ka taɓa yin albarka ba". Horon da ke aiki shi ne wanda ya dace da laifin kuma aka cika shi. Ya wuce lokacin dawowa, gobe ba fita. Ya fasa abu da ganganci, ya biya daga kuɗinsa. A faɗa sau ɗaya, cikin sanyin murya, a aiwatar.

Kullum sai an yi dambe kafin ya tashi da asuba, a aji kuma gyangyaɗi. Lalaci ne?

Mu yi lissafi. Matashi yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Balaga kuma tana jinkirta lokacin da barci ke zuwa masa da kusan awa biyu, don haka ƙarfe tara idonsa biyu. Ya kwanta sha biyu saboda waya ko kallon ƙwallo, a tashe shi biyar don sallah da hadda, bakwai da rabi yana boko, ya dawo biyu, huɗu yana Islamiyya, bayan magariba ga darasin gida. Awa biyar ke nan ya samu. Babba ma a haka zai yi gyangyaɗi, ya yi saurin fushi, ya kasa riƙe karatu. Asuba ba ta matsawa, saboda haka dare ne zai matsa: a karɓi waya da wuri, a bar shi ya yi ƙailula ko ta rabin awa ce, a kuma duba ko darussan da aka jibga masa sun yi yawa.

Yaushe ya dace a saya masa waya?

Tambayar da ta fi wannan ita ce: wa zai riƙa duba ta? Facebook da TikTok da kansu sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, amma yara suna ƙara wa kansu shekaru su shiga. Hana waya kwata-kwata ba ya cika aiki, domin zai ara a makaranta ko a majalisa, inda ba ka gani. Ya fi a fara da ƙaramar waya ta kira, babbar ta zo daga baya da sharaɗi tun ranar farko: iyaye sun san lambar buɗewa, ba ta kwana a ɗaki, ba a cin abinci da ita.

Abu uku a faɗa musu baro-baro. Hoton da aka tura ba ya dawowa. Wanda ke turo kati da kuɗi ba tare da dalili ba, yana da dalili. Idan kuma wani ya yi barazanar yaɗa hoto ko hira, a zo a faɗa, ba za a yi duka ba, domin masu wannan aiki da tsoron iyaye suke cin kasuwarsu. Ga maza kuma a sa ido kan cacar ƙwallo, wadda yanzu ta koma cikin waya; kuɗin makaranta da yawa sun bi ta nan.

Ta yaya zan gane ko ya fara shaye-shaye, kuma me zan yi idan na tabbatar?

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda a Najeriya. A 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma tiramol da wiwi da sholisho ba su ɓace ba. Kuma ba maza kaɗai ba ne. 'Yan mata ma suna sha, nasu ne ya fi ɓoyuwa domin a cikin ɗaki ake yi.

Alama ɗaya ba ta isa hujja ba, a dubi taruwarsu: sababbin abokai da ba ya so a sani, kuɗi ko kaya suna ɓata a gida, yawan barci ko rashin barci, jan ido, nauyin baki, rama, faɗuwa a jarrabawa, turare da alewa a kowane lokaci don ɓoye wari. Da yawa ba don iskanci suka fara ba. Wani a wurin aikin ƙarfi aka ba shi tiramol don kada ya gaji, wani don ya iya yi wa budurwa magana, wata don ta samu barci saboda abin da ke damunta.

Idan ka tabbatar, kada ka yi maganar yana cikin maye ko kana cikin fushi. Kada kuma ka kore shi daga gida. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma titi ne ke jiran sa da ƙwayar. A kai shi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma tana da masu ba da shawara, ba kamu kaɗai take yi ba. Wanda ya daɗe yana shan wasu ƙwayoyin, yankewa farat ɗaya na iya jawo masa jijjiga, shi ya sa ake son hannun likita.

Gidan mari kuwa, a yi hattara. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Mafi yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna zaton gyara ake yi. Duk wurin da za a ce ba ka da ikon ganin ɗanka kai da shi kaɗai, kada ka bar shi a can.

'Yata ta daina walwala, ba ta ci, ba ta magana, wani lokaci ta faɗi. Wasu sun ce iska ce.

Yi mata addu'a, a yi mata ruƙiyya idan kina so, amma a kai ta asibiti a makon nan, kada a jira a ga ƙarshen ɗaya kafin a fara ɗaya. Faɗuwa na iya zama farfaɗiya, wadda ke da magani, ko ƙarancin jini, ko tsananin firgici. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa yana cikin na gaba-gaba. Ɓacin rai na kwana biyu kowa yana yi. Wanda ya wuce mako biyu, tare da barin abin da take so a da, da canjin barci da ci, da yawan cewa "ni ba ni da amfani", wannan ciwo ne. "Me kika rasa a gidan nan?" ba ya warkar da shi.

Idan ta ambaci mutuwa ko gajiya da rayuwa, kada a ɗauka neman a kula ta ne kawai. A tambaye ta kai tsaye, cikin taushi; tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. A kawar da magunguna da maganin ƙwari daga inda hannunta zai kai, kada a bar ta ita kaɗai, a tafi asibiti a ranar. A kuma bincika a hankali ko wani ne ya yi mata wani abu, domin sauyi na farat ɗaya sau da yawa yana da mafari.

Idan aka ci zarafin yaro ko yarinya, rufa asiri ya fi ko kai ƙara?

Rufin asirin da ake yi, mai laifin yake rufa wa. Yawanci kuma ba baƙo ba ne: ɗan uwa ne, ko maƙwabci, ko mai shago, ko wanda ke sayen abin talla ya ce a shigo da shi ciki. Yara maza ma ana yi musu, su ne ma suka fi yin shiru.

Abu na farko asibiti, cikin gaggawa, kafin wanka idan zai yiwu. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. Akwai cibiyar Salama a Babban Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, wadda aka tanada domin irin wannan. Jihar Kaduna tana da dokar kare yara ta 2018, a 2020 kuma ta tsaurara hukuncin wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara 14 ba fyaɗe, har da dandaƙa. Kalmar farko da yaro zai ji daga bakinki tana da nauyi ƙwarai. "Me ya kai ki?" tana rufe baki. "Na yarda da ke, ba laifinki ba ne" ita ake bukata.

Makarantar kwana ko jeka-ka-dawo? Kuma idan yaro ba ya ja a boko fa?

Zariya ta san amfanin makarantar kwana. Kwalejin Barewa kaɗai ta yaye shugabannin ƙasa irin su Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Amma ba kowane yaro ta dace da shi ba, kuma ba wurin jefar da wanda ya gagara a gida ba ce. Kafin ka biya kuɗi, ka shiga ɗakin kwana da banɗaki da idonka, ka tambayi wane malami ke kwana kusa da yara, da kuma yadda ake yi idan manyan ɗalibai suka zalunci ƙanana. Yaron da ke kuka duk ƙarshen hutu, ko ya dawo da fitsarin kwance, a saurare shi.

Wanda ba ya ja kuma, kafin a kira shi daƙiƙi a gwada idonsa da kunnensa, a kuma ba shi littafi ya karanta a bayyane. Akwai yara a sakandare da ba su iya karatu sosai ba tun daga firamare, ana ta tura su gaba, suna ɓoye abin da surutu ko fashi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara na karatu, amma zama a aji daban, iya karatu daban.

Garin da ke da jami'a tun 1962 yana da nasa ciwon: kowane gida yana son likita. Yaro ya zauna JAMB sau uku yana neman likitanci alhali zuciyarsa tana kan zane ko noma ko gyaran inji. Wasu iyayen har su kai shi cibiyar da ake satar amsa, su koya masa da kuɗinsu cewa gaskiya ba ta biya. A bar shi ya haɗa karatu da sana'a a lokacin hutu, ɗinki ko walda ko gyaran waya. Matashin da aka ce masa "sannu da aiki" saboda abin da hannunsa ya yi, ba ya cika neman yabo a majalisar banza.

Ta balaga, ga masu nema. A aurar ko a bari ta ƙare makaranta?

Shawara ce ta iyali, amma akwai abin da aka gano a nan garin da ya kamata a sa a ma'auni. Farfesa Kelsey Harrison, likitan mata da ya yi aiki a asibitin koyarwa na ABU, ya bi diddigin haihuwa 22,774 da aka yi a asibiti a Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Ya nuna cewa haɗarin mutuwa wajen haihuwa ya fi yawa ga 'yan mata ƙanana sosai da matan da ba su je awo ba, matan da suka yi makaranta kuwa sun fi tsira nesa ba kusa ba. Ya kuma lura cewa wasu 'yan matan suna ƙara tsayi alhali suna ɗauke da ciki, wato jikinsu bai gama girma ba. Ganin al'ada ba ya nufin ƙugu ya gama buɗewa, kuma doguwar naƙuda ita ce babbar hanyar yoyon fitsari.

Idan tsoron lalacewa ne ke sa gaggawa, a tuna cewa kusanci da uwa da sanin inda take sun fi kare yarinya. Idan an yanke shawarar auren, a nemi yardarta ta gaskiya, a yi gwajin jini har da na sikila, a rubuta sharaɗin ci gaba da karatu tun kafin ɗaurin aure, kuma da zarar ciki ya samu a fara awo.

Allurar da ake yi wa 'yan mata a makarantu, ta mece ce?

Rigakafin ƙwayar cutar HPV ce, wadda ke haddasa mafi yawan sankarar bakin mahaifa. Najeriya ta sa ta cikin rigakafin yau da kullum a watan Oktoba na 2023, ga 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya, kyauta. An daɗe ana yin ta a ƙasashe da dama, kuma ba ta hana haihuwa.

Akwai almajiri da ke mana aike, da yarinyar riƙo a gidan. Su ma wannan bayani ya shafe su?

Ya shafe su, har ma ya fi. Jikinsu yana canzawa daidai da na 'ya'yan gida, sai dai su ba su da wanda za su tambaya. Yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana wanke-wanke za ta ga jininta na farko a gidanki, kuma ke ce uwar da ke kusa. A ba ta auduga da bayani iri ɗaya da na 'yarki, a ba ta wurin kwana mai ƙofa da sakata, a sa ta makaranta. Almajirin da ke zuwa ɗaukar kwano, ki san sunansa da na malaminsa da inda yake kwana. Idan kin ga ƙazuwa ko rauni a jikinsa, ko ya fara zama da 'yan sholisho a bakin tasha, maigida ya taka har tsangayar ya gaisa da malam, su yi maganar.